Kama da wane ba ta wane: kan kwaikwayon ƙirar jirgin sama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana kan samarinmu masu sha'awar ƙera jirgin sama a gida. Lokaci zuwa lokaci mukan ji labarin wani matashi da ya haɗa jirgi a bayan gidansu, kamar ɗalibin nan na Kano da ya haɗa mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci a 2007, sai a ɗauki hoto, a yaba, a watse, ba tare da wani ya zauna da yaron ya tambaye shi yadda ya auna ƙarfin abin da yake shirin ɗora ransa a kai ba. Na shafe shekarun aikina ina koyar da kanikanci a nan Damagaram, wato Zinder, kuma abin da ya faru a zaurena kwanan baya shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ɗan ƙanena, wanda yake walda kuma yake liƙe fasassun robobin babura da faiba, wato ƙyallen zaren gilashi da ake jiƙawa da ƙaro ya sandare, ya zo mini bayan sallar la'asar da hotuna cike da wayarsa da wata takarda ɗaya mai zanen jirgi ta gaba da ta gefe da ta sama. Jirgin da ya ɗauki hankalinsa shi ne Long-EZ, mai ƙaramin fiffike a hanci da farfela a baya. Ya ce mini: "Baba, wannan ba da ƙarfe aka yi shi ba, soso ne da faiba, kuma faiba sana'ata ce. Tsawon fiffikensa a rubuce yake, kusan mita 8, sauran kuwa zan fitar da su daga zanen nan da ma'auni." Ban yi masa dariya ba, domin rabin maganarsa gaskiya ce, kuma wannan rabin shi ne ya sa batun yake da hatsari.

Gaskiya ne cewa a gidaje aka gina irin wannan jirgi. Injiniyan Amurka Burt Rutan ya fito da VariEze a 1975, sannan Long-EZ a 1979, daga wani ƙaramin kamfani a garin Mojave na jihar Kalifoniya, wuri mai zafi da ƙura wanda ba zai zama baƙo ga mutumin Zinder ba. Dabararsa ita ce a yanka soso mai tauri da zazzafar waya har ya ɗauki siffar fiffike, a shimfiɗa masa ƙyallen zaren gilashi, a jiƙe shi da ƙaron ifoksi, a bar shi ya sandare, ba tare da mazubi ko babbar na'ura ba. Likitoci da malamai da manoma sun sayi zanensa sun gina nasu a garejin mota. Da dangin wannan fasaha aka ƙera jirgin Voyager, wanda ya kewaye duniya cikin kwana 9 a watan Disamba na 1986 bai sauka ba, bai ƙara mai ba. Saboda haka yaron bai yi mafarkin banza ba. Inda ya kauce shi ne zaton da ya yi cewa siffar jirgin ita ce jirgin.

Na tambaye shi ko ya taɓa ɗaga kai ya dubi rufin tsofaffin soraye na unguwar Birni. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin bakan gizo zai ga laka mai santsi da lanƙwasa mai kyau, amma ba zai ga azarar da magini ya jera a ciki ba, ba zai san guda nawa ce ba, ko inda wata ta hau kan wata, ko yadda aka ɗaure su, alhali kuwa su ne suke riƙe da rufin. In wani ya auna faɗin ɗakin da tsayinsa ya je ya kwaikwayi lanƙwasar da laka zalla, ɗakin zai yi kama da na Birni har zuwa damina ta farko. Jirgin faiba haka yake, har ma ya fi. Jirgin alminiyam yana tona asirin kansa, domin kana iya ƙirga ƙusoshinsa, ka auna kaurin fallensa, ka leƙa cikin fiffike ka ga haƙarƙarinsa. Na faiba kuwa da zarar an goge shi an yi masa fenti, fiffiken da aka yi daidai da wanda aka rage masa shimfiɗa uku ba su da bambanci a ido, kuma hoto ba zai taɓa gaya maka shimfiɗa nawa ke gindin fiffike da nawa ke bakinsa ba.

Har ila yau, yawan shimfiɗa kaɗai bai wadatar ba, sai an san inda zaren ya fuskanta. Kowane tela a Kasuwar Dole ya san cewa yadi ba ya miƙewa in an ja shi a tsaye, amma yana saki in an ja shi a karkace. Zaren gilashi yana da ƙarfi ne ta tsawonsa kawai. Shi ya sa ƙashin fiffike, wanda yake ɗaukar nauyin jirgin duka, ake yin samansa da ƙasansa da ƙyallen da kusan dukan zarensa ya miƙe wuri guda, daga gindi zuwa baki, fatar fiffiken kuwa a shimfiɗa mata zare a karkace domin ta hana shi murɗewa. Wanda ya juya ƙyallen ba daidai ba ya kashe kuɗi iri ɗaya, ya sami nauyi iri ɗaya, amma ya gina fiffiken da zai murɗe a sama. Wannan ilmi yana cikin takardun mai ƙira, shafi bayan shafi, tare da gyare-gyaren da kamfanin ya riƙa aika wa masu gini duk wata uku bayan an gano kurakurai, wasu daga cikinsu bayan an yi hatsari.

Da muka zo kan kayan aiki, sai na ce ya kawo ƙaron da yake liƙe babura da shi, na kawo guntun farin soson da ake tallafe firiji da shi a kwali, na ɗiga masa kaɗan. Kafin mu gama shan shayi soson ya narke ya zama rami. Ƙaron da masu faiba suke amfani da shi a garinmu foliyesta ne, kuma yana cinye irin soson da ake yanka fiffike da shi, kamar yadda man fetur ma yake cinye shi, abin da ya sa ake yin tankin mai da wani soso daban. Akwai kuma soson da in aka yanka shi da zazzafar waya yake fitar da hayaƙi mai guba. Shi ifoksi ɗabi'arsa ta saɓa wa abin da hannun mai faiba ya saba, domin a foliyesta mutum yakan ƙara maganin sandarewa in yana sauri, ya rage in ana zafi, amma ifoksi sai an auna kashi biyun a sikeli daidai yadda mai shi ya rubuta, in aka kuskure zai sandare a ido alhali ƙarfinsa ya ragu. Ƙwarewar da yaron yake taƙama da ita, a wannan wuri, ita ce za ta fara yaudararsa.

Sai kuma babbar matsalar da ko mai takardun asali bai tsira daga gare ta ba, wato zafin Zinder. Ifoksin da ya sandare a zafin ɗaki yakan fara laushi tun daga wajen digiri 50 zuwa 60, sai fa in an sake gasa shi a hankali bayan ya bushe domin a ɗaga juriyarsa. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk jirgin faiba fari ne, ba don ado ba. A watan Afrilu da Mayu inuwa kanta takan wuce digiri 40 a garinmu, kuma duk wanda ya taɓa dafa murfin baƙar mota da azahar ya san abin da rana take yi wa abu mai duhu. Ɗan ƙanena yana so ya yi wa jirginsa fenti da launukan tutar ƙasa, sai na ce masa kishin ƙasa abu ne mai kyau, amma kore da ruwan lemo a saman fiffike za su sha zafin da fari ba zai sha ba. Wajen aikin ma haka ne. Ana son a shimfiɗa ƙyalle a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri ashirin da wani abu ba, domin in ya fi haka ƙaron yakan yi zafi ya daskare a cikin kofi kafin a gama shafa shi. Lokacin da muke samun irin wannan sanyi shi ne Disamba da Janairu, kuma shi ne lokacin hazo, lokacin da ƙura take shiga ko cikin tukunyar da aka rufe, ita kuwa ƙura tsakanin shimfiɗa biyu tana hana su kama juna. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ko siffar da yake ganin ya samu a zane ma bai same ta ba. Jirgi mai ƙaramin fiffike a gaba an tsara shi ne ta yadda in gudu ya ragu, fiffiken gaba zai riga na baya sakin iska, hancin ya sunkuya da kansa, gudu ya dawo. In aka sami akasin haka, babban fiffiken ya riga saki, jirgin yana iya faɗowa a kwance ba tare da matuƙi ya iya ɗago shi ba. Abin da yake raba waɗannan halaye biyu shi ne lanƙwasar fiffiken da kusurwar da aka dasa shi da inda cibiyar nauyi ta faɗa, wato wurin da nauyin gaba da na baya suke daidaita, kuma ana maganar milimita ne da rabin digiri, abin da kaurin layin fensir a zane ya fi shi girma. Shi kansa Rutan, da duk iliminsa, masu tuƙa Long-EZ sun riƙa kawo masa ƙarar cewa ruwan sama a kan fiffiken gaba yana sa hancin ya sunkuya, har sai da John Roncz, masanin siffar fiffike, ya tsara sabuwar lanƙwasa aka fitar da ita a 1985. In ɗigon ruwa zai yi haka, sai mu tambayi kanmu abin da ƙura da ƙwarin damina za su yi. Kuma filin jirginmu yana kan tudun da ya kai kimanin mita 460 daga teku, amma a ranar da zafi ya kai digiri 43 iska takan yi sirantar da injin da fiffike za su ji kamar suna sama da mita 1,500, sai gudun tashi ya yi tsawo, hawa ya yi nauyi.

Da ya ga hanya tana ƙuntata, sai ya ce to zai faɗaɗa jikin domin mutum biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa, ya kuma sa injin mota. Na ce masa daga wannan magana ya daina zama mai kwaikwayo ya zama mai ƙira, ko ya sani ko bai sani ba. In ka ƙara girman abu da kashi 20 cikin ɗari ta kowane gefe, filin fiffike, wato tsawo sau faɗi, zai ƙaru da kashi 44, amma cikinsa da nauyinsa za su ƙaru da kusan kashi 73, don haka lissafin farko ya rushe gaba ɗaya. Injin da ya fi nauyi a bayan jirgi yana janye cibiyar nauyi zuwa inda ake tsoro. Abin da yake so ɗin an taɓa yin sa, domin Nat Puffer ya faɗaɗa Long-EZ ya fitar da Cozy, amma da yarjejeniya tsakaninsa da Rutan, da lissafi, da gwajin tashi mai tsawo kafin ya sayar wa kowa zane. A Faransa ma, da aka so a mayar da jirgin Ban-Bi na Michel Colomban daga alminiyam zuwa jikin zaren kabon aka sami MCR01, da hannun Colomban ɗin aka yi, saboda sauya kayan gini sabuwar ƙira ce ko da siffar ba ta canja ba.

Na kawo masa labarin da nake ba ɗalibaina a da. A 1944 jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 guda uku suka sauka lafiya a gabashin Tarayyar Sobiyet, Stalin ya ba da umarni a kwaikwaye su ƙusa da ƙusa. Andrei Tupolev, mai ƙirar jirage da aka ɗora wa aikin, yana da jirgin a hannunsa, ya warware guda ɗaya gaba ɗaya, yana da ɗaruruwan masana'antu da hukumar ƙasa a bayansa, amma sai a 1947 kwafin da suka yi, Tu-4, ya tashi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka wahalar da su shi ne Amurkawa da inci suke auna kaurin falle, masana'antun Sobiyet kuwa da milimita, sai ya zama dole a sake lissafa wurare da yawa, in an yi sama jirgin ya yi nauyi, in an yi ƙasa ya yi rauni. Wannan jirgin ƙarfe ne da ake iya aunawa. Mai hoto a waya da faiba ta Kasuwar Dole sai ya dubi matsayinsa.

Kada a ɗauka cewa mai takardun asali ya gama tsira. Mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a watan Oktoba na 1997 a cikin Long-EZ da wani ya gina. Maginin ya bi zane, amma ya ɗauke makunnin sauya tankin mai daga gaban matuƙi ya mayar da shi bayan kafaɗarsa ta hagu, da kyakkyawar niyya ta kawar da bututun mai daga wurin zama. Masu bincike sun kammala cewa man tanki ɗaya ya ƙare, matuƙin ya juya domin ya kai hannu ga makunnin, ƙafarsa ta danne abin karkata jirgi, ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya kwaikwayi ƙirar da ba a gama gwada ta ba ya kwaikwayi aibinta. Bafaranshe Henri Mignet ya yaɗa zanen ƙaramin jirginsa Pou-du-Ciel a 1934, mutane da yawa suka gina shi a Faransa da Ingila, aka yi ta mutuwa a 1935 da 1936, har sai da aka sa shi a bututun gwajin iska aka gano cewa in ya sunkuya ya wuce wani haddi ba ya ɗagowa, sannan aka gyara ƙirar.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda yaron bai kawo a ransa ba sam. Kwaikwayo a kan kansa ba laifi ba ne, kuma da shi sana'a take tafiya. Takardar mallakar ƙirƙira shekara 20 take yi ta faɗi, haka dokar take a ƙungiyar OAPI ta kare mallakar ƙirƙira, mai hedkwata a Yawunde, wadda Nijar take cikinta, don haka babu wanda zai hana ka gina jirgi mai fiffike a hanci. Takardun zane kuwa dukiyar mai su ce, kuma al'adar masu wannan sana'a ita ce kowane kwafi yana da lamba, lasisi ne na gina jirgi guda ɗaya. Rutan ya daina sayar da zanensa a 1985, shi ya sa abin da yake yawo a intanet da sunan Long-EZ ba a san cikarsa ba, ba a san ko gyare-gyaren suna ciki ba, kuma ba mai amsa tambaya in an maƙale. Maƙwabtanmu sun nuna hanyar da ta fi tsabta, lokacin da aka haɗa jiragen koyon tuƙi da ake kira Air Beetle a Kaduna domin sojan saman Nijeriya, guda 60, daga ƙirar RV-6A ta kamfanin Van's na Amurka. Sayen kayan aka yi a fili, ba a auna hoto ba.

Malam Edita, ba na cikin masu cewa wannan aiki ya fi ƙarfinmu. A garin nan maƙera suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, kuma ba daga sama ilmin ya faɗo musu ba, gani suka yi suka gwada. Amma igwa ana iya cika ta da albarushi a ja da baya a ga ko za ta fashe, jirgi kuwa mai shi yana ciki ranar gwaji. Ƙasashen da suka bar mutane suna gina jirgi a gida sun yi wa abin tsari. A Amurka sai mai gini ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, mai duba ya zo ya duba, sannan ya yi gwajin tashi, galibi na awa 25 ko 40, a keɓaɓɓen wuri kafin ya ɗauki kowa. Ina roƙon hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, ta bayyana wa jama'a da Hausa abin da ake bukata daga mai irin wannan niyya, musamman a halin tsaron da muke ciki, inda abin da ya tashi sama ba da izini ba zai iya jawo wa mai shi abin da ya fi faɗuwa muni. Muna da makarantar EAMAC a Yamai mai horar da ma'aikatan jiragen sama na ƙasashen Afirka da dama, muna da Jami'ar André Salifou a nan Zinder, kuma ba na ganin zai gagara a ware rana ɗaya a shekara da masu ilmi za su zauna da waɗannan samari su duba lissafinsu kafin su sayi ƙyalle ko mita ɗaya.

Ni da ɗan ƙanena mun tsaya kan cewa ba zai yanka komai mai girman jirgi ba a bana. Zai fara da ƙaramin jirgi marar injin, mai fiffiken da bai wuce mita biyu ba, wanda ake jefawa da hannu, domin ya ga da idonsa abin da matsar da nauyi da faɗin yatsa yake yi. Zai nemo ifoksi na gaskiya da sikeli mai auna giram, ya yi sanduna shida na gwaji iri ɗaya, uku farare uku masu duhu, mu ajiye su a kan rufin gidana tun daga Maris har faɗuwar ruwa, sannan mu rataya musu buhunan yashi mu rubuta nauyin da kowace ta karye a kai, kamar yadda masu ƙira suke kifa fiffike su lafta masa yashi har ya kai ninkin nauyin jirgi kusan huɗu, su kuma ƙara rabin haka a lissafi saboda tsaro. In bayan wannan zuciyarsa tana nan, zai tara kuɗi ya sayi cikakken zane mai lamba daga hannun masu shi, kuma ya rubuta wa hukuma kafin ya fara. Ya amsa, ko da yake fuskarsa ta nuna ba haka ya so ba, kuma jiya ya aiko a tambaye ni ko sikelin masu sayar da zinariya zai yi. Na ce zai yi.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Tsohon malamin kanikanci,
Unguwar Birni, Zinder